Darasin Noman Rani: Faifan Haɗa Bututu, Ire-irensa da Aikin Kowane Ɗaya

 

Darasinmu na wannan karo a kan wani ƙaramin abu ne wanda ba a cika kula da shi ba sai ranar da ya ba da kunya, watau wurin da bututu ya haɗu da bututu, ko bututu ya haɗu da inji. A ranin da ya wuce mun zagaya ƙungiyoyi a ƙasar Funtua da Bakori da Danja da Kafur da Malumfashi, kusan ko'ina kukan ɗaya ne: inji yana shan mai, ruwa kuwa ba ya isa fangali. In muka duba, sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau. Mahaɗi ne ya lalace, ko kuwa tun farko ba a haɗa shi daidai ba.

Bari mu fara da abin da ya sami wata ƙungiya a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Kafur. Su goma sha huɗu ne, maza da mata. Suka tara kuɗi shekara biyu, ikilisiya ta cika musu da rance, suka sayi injin dizal na hannu mai baki inci 3. Bakin injin nan ba irin na ƙananan injunan fetur ba ne da ake murɗa wa mesa. Faifan ƙarfe gare shi mai ramuka huɗu, sai an samo masa ɗan'uwansa an ɗaure su da noti. Suka aiki ma'ajinsu Kano, ya ce wa mai kanti a ba shi na inci 3, aka ba shi na inci 3. Da ya komo gida aka gwada, sai ga nasa ramuka takwas, kuma ko ɗaya bai zauna daidai da na injin ba. Kano da nisa, kuɗin mota ya ƙare. Sai suka kai wa mai walda ya buɗa ramuka biyu, suka ɗaure da noti biyu, suka cusa robar cikin taya a tsakani. Ruwa ya yi ta tsartuwa, su kuma suka yi ta ƙara ɗaurewa, har ran nan bakin injin ya tsage. Kwana tara tumatir bai sha ruwa ba, yana tsakiyar fure. Furen ya zube, rancen ikilisiya kuwa har yau da saura.

Ba mu kawo labarin nan don a yi wa ma'ajin dariya ba. Laifin har da namu, gama mu muka ba su shawarar sayen injin, ba mu kuwa gaya musu su auna bakinsa kafin su tafi kasuwa ba. Darasin nan biyan bashi ne.

Yadda bututu ya shigo lambunmu

Kakanninmu da jigo suka yi lambu, ba su san zancen mahaɗi ba. Guga ce da sanda da magudanar ƙasa. Dattawa suna ba mu labarin Shirin Noma na Funtua wanda aka fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya, tun ana ƙarƙashin Kaduna, kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Shi ya kawo hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da taki. Daga 1993 shirin Fadama na ƙasa ya yaɗa ƙananan injunan fetur da rijiyoyin burtsatse na fadama, jigo ya ja da baya. Sa'an nan a watan Mayu na 2023 aka janye tallafin fetur, farashinsa ya ninka, ƙungiyoyi da dama suka fara duban famfo mai aiki da hasken rana da tanki a bisa. Kowane mataki cikin waɗannan ya ƙara yawan bututu a gona, kowane bututu kuma baki biyu gare shi.

Ku yi wannan lissafi da kanku. In mahaɗi yana yoyon da zai cika jarka mai lita 20 cikin minti biyar, a awa ɗaya lita 240 ke nan. In inji ya yi awa shida, lita 1,440, watau fiye da duro bakwai. An sayi mai an ɗago ruwan nan daga rijiya, ya kuma ƙare a gindin inji yana yin taɓo. Mahaɗi ɗaya ke nan. Akwai gonakin da muka ƙirga biyar.

Mene ne faifan haɗi?

Masu sayar da kayan famfo suna kiransa filanji. Mu a nan za mu ce faifai, gama kamar faifai yake: zagayayyen ƙarfe mai kauri, da babban rami a tsakiya inda ruwa ke bi, da ƙananan ramuka kewaye inda noti ke shiga. Ana kafa ɗaya a bakin wannan bututu, ɗaya a bakin wancan, a sa shimfiɗar roba a tsakani wadda makanikai ke kira gaskit, a ɗaure. Abu uku ke nan suke aiki tare, faifai da gaskit da noti. In ɗaya ya kasa, sauran biyun ba su da amfani.

Wani zai ce, me ya hana a yi walda a huta? Walda tana da kyau inda ba za a sake buɗewa ba har abada. Amma inji yakan yi ciwo a kai shi wurin makaniki. Bawul yakan ci yashi. A halin rashin tsaro da muke ciki kuma, ba mai hankalin da zai bar injin ƙungiya ya kwana a fadama. Abin da aka yi wa walda sai da zarto za a raba shi, abin da aka ɗaure da faifai kuwa sufana biyu sun isa, gobe a mayar da shi yadda yake. Saboda haka ƙa'idar ita ce: a bakin inji, a gaba da bayan bawul, a gindin tanki, da duk inda kuka san wata rana za ku buɗe, nan ne wurin faifai. Dogon layi na tsakiya ba ya bukatarsa, ɓarnar kuɗi ce.

Ire-irensa

Na farko shi ne mai wuya. Bayansa yana da dogon wuya wanda ke sirancewa har ya yi daidai da kaurin bututu, a nan ake yin walda baki da baki. Shi ne mafi ƙarfi, shi ne kuma mafi tsada, domin wuyan nan yana raba nauyi ya hana tsagewa inda akwai matsi mai yawa ko zafi. Irinsa ake sa wa a manyan masana'antu kamar matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980, da wuraren bawul na manyan bututun gas irin wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai faɗin inci 40 da tsawon kilomita 614. A can in mahaɗi ya saki, gobara ce da asarar rai. Lambun albasa ba ya bukatarsa. In mai kanti ya matsa muku ku saya, ku gode masa ku wuce, sai fa in kun same shi da araha cikin tsofaffin ƙarafa a Panteka ta Kaduna, ramukansa kuma sun yi daidai da naku.

Na biyu shi ne mai zurawa, shi ne kuwa za ku fi gamuwa da shi. Raminsa na tsakiya ya ɗan fi bututu faɗi, sai a zura bututun a ciki a yi walda. A nan masu walda na ƙauye sukan yi mana rabin aiki. Walda biyu ake yi, ɗaya ta baya kewaye da bututu, ɗaya ta ciki. Ba a kuma kawo bakin bututu har fuskar faifai, ana barinsa ya ɗan noƙe ciki kamar kaurin ƙarfen bututun, don waldar ciki ta sami wurin zama ba tare da ta taso bisa fuska ba. In ta taso, gaskit ba zai kwanta ba. Ku tsaya a wurin lokacin da ake yi. Ku kuma sa a gwada da sukwaya a ga faifan ya tsaya cak a kan bututun bai karkace ba, gama zafin walda yakan ja ƙarfe gefe ɗaya.

Akwai masu yanka faifai da kansu daga fallen ƙarfe. Ba mu hana ba, kuɗi ba ya isa kullum. Amma ku sani faifan kanti na inci 3 kaurinsa wajen milimita 20 ne, mun kuwa ga waɗanda aka yanka daga falle mai milimita 4 ko 5. Irin wannan da an ɗaure sai ya lanƙwashe, ya matse a gindin noti ya buɗe a tsakaninsu, ruwa ya sami hanya. A ganinmu, ko don ƙaramin matsi na lambu, kada kaurin ya kasa milimita 10.

Na uku shi ne mai haƙori. Cikin raminsa an yi masa haƙoran murɗi kamar na noti, sai a murɗa shi a bakin bututun ƙarfe wanda shi ma aka yi wa haƙori, da farin tef na famfo a tsakani. Ba ya bukatar walda ko wuta, shi ya sa ya dace da ƙauyen da ba lantarki. Ya fi dacewa kuma da farin bututun ƙarfe mai shafen hana tsatsa, irin wanda ake hawa da shi tankin majami'a ko na ɗakin shan magani. In aka yi wa farin bututun nan walda, shafen yakan ƙone, wurin ya fara tsatsa, hayaƙinsa kuma yana sa mai walda zazzaɓi da ciwon ƙirji. Rauninsa shi ne girgiza. Kusa da injin dizal mai jijjiga haƙoran sukan saki a hankali su fara yoyo, don haka a raba su da guntun mesa.

Akwai wani mai gurbi, wanda bututu ke shiga ya tokare a ciki a yi walda ta waje kaɗai. Na ƙananan bututun masana'anta ne masu matsi mai yawa. Da wuya ku bukace shi.

Na biyar muna so ku lura da shi sosai, gama shi ne abokin bututun roba, bututun roba kuwa shi ke cika gonakinmu yanzu. Muna kiransa mai yawo. Kashi biyu ne. Akwai guntun baki mai leɓe wanda ake manna wa bututun, da gam in farin roba ne na PVC, ko da zafin na'ura in baƙin roba ne mai naɗuwa. Sa'an nan akwai zoben ƙarfe mai ramuka wanda ke zaune a bayan leɓen, ba a manne yake ba, yana juyawa yadda aka so. Amfaninsa a fili yake: ba sai an juya dogon bututu don ramuka su haɗu ba, zoben kawai za a juya. Ruwa kuma ba ya taɓa zoben. Kuskuren da kowa yakan yi sau ɗaya a rayuwarsa shi ne ya manna leɓen kafin ya zura zoben. In gam ya kama, sai yanka. Mu ma mun yi, a gaban mutane kuwa. Roba ba ƙarfe ba ce, kada a ɗaure ta da ƙarfin tuwo, a kuma sa wasa a ƙarƙashin kowane noti.

Na ƙarshe shi ne makaho, wanda ba shi da rami a tsakiya. Murfi ne. In ƙungiya tana da niyyar ƙara layi baɗi, sai ta bar reshe ta rufe shi da makaho, ran da kuɗi ya samu a kwance a ci gaba, ba yanka ba walda. In an ɗauke inji da damina kuma, a rufe bakin bututun da aka binne da shi. Mun taɓa buɗe layin da aka bari a buɗe wata biyar, abin da ya fito sai ka ce an share rumbu: yashi, kwaɗi, da sheƙar ɓera.

Inci 3 ba ɗaya ba ne

Yanzu mu komo ga abin da ya ka da 'yan'uwanmu na ƙauyen nan. Kayan da ke shigowa kasuwanninmu daga ƙasashe dabam-dabam suke, kowace ƙasa kuwa da ma'auninta. Uku ne suka fi yawa: na Amurka, wanda akan buga wa lamba 150 a gefe, na Turai, wanda akan buga wa PN10 ko PN16, injunan Sin da yawa ma shi suke bi, da tsohon ma'aunin Ingila, wanda akan samu a tsofaffin injuna da bawul na zamanin da. Abin da ya raba su shi ne yawan ramuka da nisan da ke tsakanin rami da wanda ke fuskantarsa.

Ɗauki inci 3. Na Amurka ramuka huɗu ne, nisa milimita 152. Na Turai mai PN16 ramuka takwas ne, nisa milimita 160. Tsohon na Ingila ramuka huɗu, nisa milimita 146. Dukansu in ka tambaya a kanti inci 3 za a ce maka, ba kuwa ƙarya aka yi ba. A inci 2 abin ya fi yaudara, gama duka ukun ramuka huɗu gare su, amma nisan 121 ne da 125 da 114. Ido ba ya ganin bambancin milimita huɗu a cikin kanti, noti kuwa yana gani. A inci 4 na Amurka 190 ne da ɗan ɗori, na Turai 180, dukansu ramuka takwas.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. Ku sami takarda mai faɗi ko bayan kwali, ku ɗora a fuskar faifan injinku, ku goga da gawayi ko da yatsa mai baƙin mai har zanen ramukan duka ya fito. Ku tafi kasuwa da takardar nan, ko Funtua ce, ko Sabon Garin Zariya, ko Ƙofar Ruwa a Kano. Ku ɗora sabon faifan a kanta a gaban mai kanti, in ramuka ba su hau kan ramuka ba kada ku biya. Wanda ke da tef na awo kuma, ya auna daga gefen hagu na rami zuwa gefen hagu na ramin da ke fuskantarsa, wannan daidai yake da tsakiya zuwa tsakiya. Magatakarda ya rubuta lambar a littafin ƙungiya tare da yawan ramuka da kaurin noti, don ma'aji yakan canja, littafi kuwa yana nan.

Haka zancen yake ga bututun kansa. Bututun ƙarfe na inci 2 faɗinsa ta waje milimita 60 ne, na roba da ake kira inci 2 sau da yawa 63 ne. Na ƙarfe mai inci 4 milimita 114, na roba 110. Ku yanki ɗan guntu ku sa a aljihu.

Lambar PN tana faɗin matsin da faifai zai iya ɗauka. PN10 zai riƙe nauyin ruwa mai tsayin wajen mita 100, PN16 wajen mita 160. Ƙananan injunan fetur namu ba su cika tura ruwa sama da mita 30 ba, ashe ke nan ba ƙarfin faifai ne damuwarmu ba, dacewar ramuka ce.

Fuska da fuska

Ku shafa fuskar faifai da hannu. Wata a shimfiɗe take sumul daga rami har gefe. Wata tana da ɗan tudu zagaye da ramin tsakiya. Bakin inji da bawul da yawa na ƙarfen zubi ne, fuskarsu a shimfiɗe. Ƙarfen zubi yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake kamar kasko. In aka haɗa shi da faifai mai tudu, tsakiya ta taɓa juna, gefe inda noti yake kuwa yana rataye a iska. Kowane juyin sufana yana lanƙwasa gefen nan, har ya ce ƙas. Shimfiɗaɗɗiya da shimfiɗaɗɗiya ake haɗawa, da gaskit mai faɗin fuskar duka wanda aka huda wa ramukan noti. Mai tudu da mai tudu kuma zoben gaskit ya ishe su.

Don ruwan sanyi, fallen roba mai kaurin milimita 3 ya wadatar, ana sayar da shi a kantin kayan famfo, ku yanka da kanku bisa zanen takardar nan. Ramin tsakiya kada ya fi na bututu ƙanƙanta, in ba haka ba kun sa wa ruwa shinge. Kada a ninka gaskit biyu don cike gibi. Kada a shafa masa baƙin mai, gama mai yana kumbura roba ya ruɓar da ita. Wanda aka kwance ya riga ya mutu, a sa sabo. Robar cikin taya za ta iya fid da ku kunya kwana biyu a lambu, amma ban da layin ruwan sha. In kuka tarar da tsohon gaskit mai kama da toka-tokan kwali mai zare-zare a tsohon inji, mai yiwuwa na asbestos ne, ƙurarsa tana lalata huhu. A jiƙa shi da ruwa kafin a kankare, kada a goga shi a bushe.

Ɗaurewa

Duk wanda ya taɓa ganin ana ɗaure gangar zumuntar mata ya san ba a gama gefe ɗaya kafin a koma ɗayan. Haka faifai. Da farko a kankare tsatsa da tsohuwar roba daga fuskokin biyu. A kawo bututun ya tsaya daidai da bakin inji da kansa, a tallafe shi da dutse ko bulo ko gungume. Noti ba igiyar jan saniya ba ce: in sai an ja bututu da noti kafin ya iso, nauyin nan a wuyan inji zai zauna dare da rana. A shafa wa haƙoran noti ɗan giris, a sa dukansu, ba biyu cikin huɗu ba, a murɗa da hannu har su zauna.

Sa'an nan a ɗauki sufana. A ɗaure na gabas kaɗan, a tsallaka na yamma, sa'an nan na kudu, sa'an nan na arewa. In takwas ne, a bi na tsakankaninsu haka nan, kowane da wanda ke fuskantarsa. Zagaye na farko da sauƙi, na biyu a ƙara, na uku a cika. A duba gibin da ke tsakanin faifan biyu ya zama ɗaya ta kowane gefe. In roba ta fara bultsowa waje, an wuce gona da iri. Kada a zura bututu a hannun sufana don ƙarin ƙarfi, kada kuma saurayi ya hau ta da ƙafa. Haƙori biyu ko uku su leƙo bayan noti, in ba su leƙo ba ƙusar ta yi gajarta. Bayan inji ya yi aikin yini ɗaya a sake bi da sufana, gama sabuwar roba takan kwanta.

Yoyon da ba a gani

Duk abin da muka faɗa ya fi tsanani a gefen da inji ke zuƙo ruwa. A gefen turawa in mahaɗi ya saki, ruwa yakan fito kowa ya gani. A gefen zuƙa ba abin da ke fita, iska ce ke shiga. Inji ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita bakwai ko takwas ko da komai lafiya, ƙaramar kafa kuwa ta isa ta rage wannan ƙwarai. Alamarsa ita ce a ɗura wa inji ruwa a tayar, ya daɗe bai kama ba, ko ya kama yana tofarwa yana tari, ruwan da kumfa. A nan ne mutane kan ce rijiya ta ja baya, ko inji ya tsufa, su ƙara masa wuta. Injin da ke juyawa ba ruwa a cikinsa kuwa yana ƙone abin da ke tare ruwa a gindin farfelarsa cikin 'yan mintoci, daga nan sai makaniki.

Ga gwaji mai sauƙi. Inji yana aiki, mutum ɗaya ya riƙa zuba ruwa a hankali a kan kowane mahaɗi na gefen zuƙa, wani yana kallon bakin fita. Mahaɗin da aka zuba wa ruwa tarin ya tsaya, shi ne ɓarawon. Masu ƙananan injunan fetur kada su ce wannan darasi ba nasu ba ne. Ku duba bakin zuƙa na injinku, za ku ga shi ma ɗan faifai ne da aka ɗaure a jikin injin da ƙananan noti, a bayansa akwai robar da ke hana ruwa komawa. Jikin nan na alminiyom ne, haƙoransa ba su jure ƙarfi. Cikin abin da ake murɗa wa mesa kuma akwai zoben roba, wanda yakan faɗi a ciyawa lokacin da ake kwance inji da magariba cikin gaggawa. Zoben nan bai kai kuɗin lita ɗaya ta fetur ba. Ku sayi biyar ku ɗaura su da zare a jikin firam ɗin inji.

In za a kwance faifai, a kashe inji tukuna, a rufe bawul na tanki, a bar ruwa ya sauka. A fara sassauta notin da ke nesa da kai, don in da sauran matsi ya fita ta can ba a fuskarka ba. Ƙarshen rani kuma a wanke noti da kananzir, a shafa giris, a zuba su a gwangwani ɗaya a ajiye wurin wanda ke riƙe da injin.

Aiki kafin taro na gaba

Muna roƙon kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace in ya yiwu, su bi layin ruwansu daga rijiya har fangali na ƙarshe inji yana aiki, su ƙirga mahaɗi nawa ne, nawa ke yoyo. A sa jarka a ƙarƙashin wanda ya fi yoyo a duba agogo. A kuma ɗauki zanen bakin inji da na bawul a takarda kamar yadda muka nuna, a rubuta sunan ƙungiya a bayanta. Ku zo da takardun nan taro. Za mu zo da tef na awo da fallen roba da faifai iri uku na inci 3 don kowa ya ɗora a kan zanensa ya ga nasa. In ƙungiyoyi uku ko huɗu suka tarar ma'auninsu ɗaya ne, sai a haɗa kuɗi a aiki mutum ɗaya kasuwa.